Miyar da Ba a Tsince Mata Nama

A gidanmu yaro ba ya cin tsoka. Romo yake sha, in an yi masa alheri a miƙa masa ƙashin da babba ya riga ya gwaguye. Haka na taras a gidan ubana, haka na taras a gidan Malam Garba da aka kawo ni, kuma ban taɓa jin daɗin abin ba. Ranar kasuwa Malam zai sayo nama wurin rundawa ya miƙo mini. Ni zan wanke, ni zan hura wuta, ni hayaƙi zai ci wa ido, sannan in tsince tsokar kaf in jera a kwanon zaure, inda yake ci shi da yayansa Baba Mamman. Abin da ya saura a gindin tukunya shi ne na mata da yara. In ka tambayi dalili a ce yaron da ya saba da nama kwaɗayi zai yi, daga kwaɗayi sai sata. Ni dai ɓarayin da na sani a ƙasar Anka duk romo suka sha suna yara.

Na fara da wannan ne don matan ajinmu na yaƙi da jahilci sun hana ni sakat tun da na dawo. A bakin rijiya, a gidan suna, a wurin gaisuwar mutuwa ma: "Tumba, yaya Yamai? Mi kinka ci? Gaskiya na suna cin doki?" Bakina ya gaji. Tunda Allah Ya sa na iya riƙe alƙalami da furfurata, ga shi na rubuta, kowace ta zauna ta haɗa baƙi ta karanta da kanta. Amma wadda ba ta san zancen tsokar nan ba, ba za ta gane abin da na je na gano ba.

Ina da jika, Hafsi, ɗiyar ɗana Sani. Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukanmu na wajen Abare, lokacin da maza ke kawo dutsen zinari cikin gida ana daka ana niƙa, tana cikin yaran da aka kwasa zuwa asibitin Anka. Wasu ba su dawo ba. Ita ta dawo, sai dai siririya kamar zare, ga rashin son magana. Jinyarta ce ta sa na saba da asibitin har suka ɗauke ni aikin dafa wa yara da uwayensu abinci. Likitoci sun faɗa mana ba sau ɗaya ba: yaron da dalma ta taɓa yana son nama, hanta, ƙwai, wake da ganye, don jininsa ya yi ƙarfi. To ku duba. Kullum ina zuba wa 'ya'yan mutane nama da hannuna, in koma gida in taras da tawa tana lasar romo. Uwarta Rabi kunya ta yi mata yawa, ba ta iya rage wa zaure ko ɗan yatsa. Ni kuwa in na ɓoye tsoka ɗaya sai Malam ya gane, don ya san yankan da ya sayo kamar yadda ya san 'ya'yansa.

Ana nan sai masu asibitin suka ce za a tara masu dafa abincin yara a Yamai, babban birnin Nijar, a ƙara mana sani. Suka zaɓe ni don ina iya karanta awo. Na gaya wa Malam.

"Yamai? Mi anka rasa Anka da za ki nemowa Yamai?"

"Dahuwa za a koya muna."

"Ke da kinka tsuhwa bakin murhu?"

"Kai ma ka tsuhwa bakin allo, Malam, kuma har yau kana zuwa ɗaukar karatu."

Ya yi tsaki, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. A wurin Malam wannan izini ne.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni Anka, na shiga ƙaramar bas ta Gummi. A mararrabar Bukkuyum aka cusa mana 'yan kasuwa da buhunan wake da akuya uku, ɗaya a bisa ƙafata. Na ce wa mai ita ya ɗauke. Ya ce, "Inna, ai ta ga uwa ta." Na ce in ya bar ta har Gummi zai ga abin da uwar ke yi wa akuya da yaji. Motar ta kwashe da dariya, ya janye abarsa. A Ɗaki Takwas wata Bafulatana ta leƙo da man shanu a ƙwarya, na saya, don an ce mini can mai sai na gwangwani. Da ma na ƙulla daddawata da yajina a ƙasan jaka. Ba na zuwa garin mutane da hannu biyu.

A Gummi na haɗu da abokiyar tafiyata, Luba, ma'aikaciyar jinya, sa'ar Sani. Ita ke jin Turanci, ita ke riƙe da takardunmu, ni kuwa ni ke riƙe da ita, don ko mota ta taka rami sai ta yi salati. Muka bi ta Kajiji zuwa Sakkwato, muka sauka gidan gwaggonta. Matar kirki, ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kaza. Na lura da inda cinyoyi da ƙirji suka nufa: zaure. Yaran gidan suka rabe da ƙafafu da kai. Na ce a raina, ashe birni ma hakan ne, bulo kawai suka fi mu.

Washegari sai Illela, bakin iyaka. Ni na zaci zan ga katanga ko babbar ƙofa. Ashe sanda ce a gicciye da igiya, raƙuma da 'yan kabu-kabu na ta wucewa ta gefenta ba mai ce musu kanzil. Mu masu takarda mu aka tsayar. A ɗaya ɓangaren wani jami'i ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawar, ya ja da baya.

"Inna, wanga hwa?"

"Uwarka ba ta sa maka shi a miya?"

Luba ta daskare. Shi kuwa ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce rabonsa da daddawar ƙauye tun yana garinsu Tawa. Na ɓalla masa guda, ya sa aljihu, ya ce mu sauka lafiya. Abin da ya ba ni mamaki a Ƙwanni, garin farko na Nijar, shi ne Hausarsu tamu ce sak, har da "munka" da "sunka". Luba ce in ta juya Hausar makaranta ake tambaya ko daga Kano take.

Daga nan muka shiga wata doguwar mota mai sanyi kamar randa. Ana sayar da burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, in ka ciza sai dasashi ya yi ƙara. Hanya miƙaƙƙiya, gari nesa da gari. Har Dogon Dutsi ina jin abin da ake faɗi a motar. Daga Doso sai Zabarmanci ya rufe ni, na koma kamar kurma, sai murmushi da ɗaga hannu.

Masaukinmu a Yamai wani gida ne mai ɗakuna da yawa da madafi ɗaya. Gadon ya yi mini laushi har bayana ya ƙage, na sauke bargo ƙasa na huta. Murhun kuwa na gas ne, ana murɗawa wuta ta tashi fuu. Ranar farko na murɗa na tsaya neman ashana a nitse, da na ƙyasta sai da gefen kallabina ya ƙone. Mai kula da gidan, Ramatu, Bazabarma mai jin Hausa da Faransanci, ita ta koya mini a ƙyasta tukuna sannan a murɗa. Tana da ɗiya, Zali, kamar sa'ar Hafsi, amma kumatu cike, baki ba ya rufuwa.

Da rana ana koya mana awon kunun yara da tsabtar kwanuka. Mai koyarwar likitar yara ce daga Pakistan, sunanta Nasrin, gajera mai mayafi, tare muke sallah. Wancan karatu ne mai amfani, amma ba shi kuke tambayata ba. Abincin da ake kawo mana daga waje, shinkafa da jar miya mai ɗanɗanon gwangwani, shi ya ishi kowa. Sai Ramatu ta ce tunda Allah Ya tara ƙasashe a gida ɗaya, kowa ya dafa miyar naman gidansu, bi da bi, bayan la'asar.

Almaz ta fara, wata ma'aikaciyar jinya daga Habasha. Ta yanka albasa tuli guda, ta zuba a tukunya ba mai ba ruwa, tana juyawa har ta narke. Na ce wa Luba yarinyar nan za ta ƙona tukunyar mutane. Ba ta ƙone ba. Ta zuba jan yaji cokali bayan cokali, ta roƙi man shanuna ta narka shi da kayan ƙamshi, ta sa kaza, a ƙarshe ta jefa dafaffen ƙwai a ciki. Muna zaune sai na ga ta dunƙulo loma ta nufo bakina. Na kauce.

"Ramatu, gaya mata ni ba jinjira ba ta."

"Inna, girmamawa ce. A garinsu wanda ake so ake ba a baki. In kin ƙi kin wulaƙanta ta."

Na buɗe baki. Yajin ya hau mini kai har kunnuwana suka yi ƙara, amma wallahi miya ce. Na ce tunda abin ramuwa ne, na dunƙula mata loma irin ta mai dawowa daga gona. Sai da ta yi hawaye kafin ta haɗiye.

Na biyu wani Bature ne mai kula da kayan aiki, Andire, mutumin Faransa. Namiji da gemunsa ya ɗaura zane a ƙugu ya shiga madafi. An ce a garinsu da giya ake wannan miyar, don haka Ramatu ta tsaya a kansa kamar mai gadi tun daga wankin nama har saukewa, ba ta bar shi ya zuba komai ba sai ta sansana. Naman sa ne da karas da albasa, ya dahu luguf. Sai dai ba yaji, ba daddawa, ba tsami. Na ce wa Luba a garinmu mai jego ma ta fi ƙarfin wannan. Na zaro yajina na barbaɗa a ɓoye, Almaz ta miƙo nata kwanon ta ƙarƙashin tebur. Amma ya wanke tukunyarsa da kansa, wannan kam na shaida.

Ta uku Fatu ce daga Senegal, doguwa baƙa mai murya kamar ganga, mai dafa abinci irina. Miyar gyaɗa ta yi da naman rago, kusan irin tamu, sai dai ta fi kauri da tumatir. Ta hana a kawo kwanoni. Ta juye shinkafa a babban faranti ɗaya, miya da nama a tsakiya, muka kewaye, maza da mata da yarinya. Ba mai kai hannu tsakiya. Ita uwar tukunya ita ke yagar naman da yatsu tana jefa wa kowa gabansa, kuma gaban Zali ta fara jefawa. Abin ya burge ni ƙwarai. Amma na yi tunanin Baba Mamman zaune da surukarsa Rabi suna cin faranti ɗaya, na san sai dai a lahira.

Sai nawa ya zo. Na ce yau za su san an zo daga Zamfara. Tuwon shinkafa da miyar taushe: kabewa, yakuwa, gyaɗa, naman rago mai ƙashi. Ina jefa daddawa sai ga Andire ya shigo yana jan hanci, ya durƙusa yana leƙa bayan firji. Ramatu ta ce yana neman mataccen ɓera. Na nuna masa tukunya da ludayi na ce ga ɓeran nan, kuma sai ya yi ƙari. Ya kuwa yi, wannan ma na shaida.

Wurin rabo ne abin ya faru. Ina hira da Ramatu, hannuna na aikinsa. Na tsince tsoka na cika kwano, na ba Luba ta kai wa Andire da direban gidan a baranda. Na zuba wa mata da ɗan abin da ya saura. Na zuba wa Zali romo da kabewa. Yarinyar ta karɓa, ta sa cokali ta juya, ta sake juyawa, ta ɗaga kai ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗauki kwanon ta je ta tsaya jikin uwarta. Likita Nasrin ta yi magana a hankali, Luba ta juya mini.

"Inna, wai tana tambaya, yarinyar ba ta da lahiya ne anka hana mata nama?"

Na dubi ludayin da ke hannuna. Ni da na baro gida ina cin wuta a kan wannan abu, ga shi na ɗauko shi na tsallaka iyaka da shi, ko jami'in da ya binciki jakata bai gan shi ba. Na tashi na fita baranda, na ɗauke kwanon daga gaban mazan suna tsakar ci, na zaɓi tsokar da ta fi kowace na sa wa Zali. Sannan na zauna na ba su labarin Hafsi daga farko, Luba na juyawa da Turanci, Ramatu da Faransanci.

Fatu ta buga cinya ta ce in ita ce, kwanon zauren za ta kifa a kan mai zauren. Almaz ta ce in ɗauke yarinyar mu koma Anka da zama. Na ce, "Ku gaya musu ba ni da niyyar kashe aurena da tsuhwana, kuma ba a raba ɗiya da uwarta don tsoka. Malam ba mugu ba na. Abin da ya taras shi yaka yi. In na yi hwaɗa yau na ci, gobe ina wurin aiki, Rabi ta koma ma tsince-tsince."

Likita Nasrin ta bari muka gama. Sannan ta ce a gidan ubanta ma maza ke fara ci, mata su jira. Amma akwai abinci ɗaya da kakarta ke yi da azumi, wanda babba da yaro, mai gida da almajiri, ba wanda ke fin wani. Ta ce gobe Lahadi ba karatu, in zo in taya ta, don aikin na masu ƙarfin hannu ne.

Tun da safe ta jiƙa alkama da wani ƙaramin wake ja mai saurin narkewa. Ta ɗora naman sa da citta da tafarnuwa da albasa, wuta kaɗan kaɗan, har azahar ta wuce. Na ce naman nan ai ya mutu sau biyu. Ta sa cokali ta zare ƙasusuwan, suka fito fes. Sai ta ɗauko muciya ta shiga dukan naman a cikin tukunya. Ba ta jima ba ta fara haki. Na ce wa Ramatu, "Gidan ga ba turmi?" Aka aro a maƙwabta. Na juye naman na ba shi taɓarya kaɗan, ya zama zare-zare. Likita ta riƙe baki, ta ce kakarta takan wuni a kan abin da na gama yanzu. Muka mayar da shi cikin romonsa, muka haɗa da alkamar da waken da suka dahu suka fashe, ana tuƙawa har komai ya shige cikin komai. Ya yi kamar gwate mai kauri, in ka ɗaga ludayi yana jan zare. Ta watsa soyayyar albasa a kai, ta matsa lemun tsami. Sunansa halim.

Ta miƙo mini ludayi ta ce ni zan raba. Na sa ludayin na juya. Ba abin da zan tsinta. Duk inda na ɗebo nama ne, kuma ba inda ya fi wani. Na zuba wa Andire, na zuba wa Zali, abu ɗaya. Yarinyar ta cinye ta miƙo kwano.

Abin da ya ba ni haushi, ai mu ma mun iya dakan nama. Wace ce a cikinku ba ta yin dambun nama da layya? Amma sai mu soya shi ya bushe, a zuba a langa, a kai ɗakin mai gida a ajiye wa baƙi. Ko sau ɗaya ban ga wadda ta daka nama ta mayar cikin miyar da kowa zai ci ba. Sai da na je har Yamai wata ɗiyar Pakistan ta nuna mini turmina.

Ranar rabuwa Almaz ta ba ni ƙullin jan yajinta, na bar wa Fatu sauran daddawata, Andire kuwa na ce a gaya masa ya ji tsoron Allah ya riƙa sa barkono. A hanyar dawowa na faɗa wa Luba abin da na ƙudura. Ta zaro ido.

"Inna, Malam zai ce kin ɓata mishi nama. In ya yi hushi ya bar sayowa hwa? Kin ga an yi biyu babu."

"Ya bari mu gani. Shi ma bakinshi ya saba."

"To Baba Mamman? Zai ce an raina zaure."

"Luba, Baba Mamman haƙoranshi sun ƙare tun tuni. Tsotsa yaka yi ya aje, don kar a ce ya kasa. Kwanon na dawo mini, ni na san abin da nika gani ciki."

Ta yi dariya, amma ta ce ita dai ba ta ji ba ba ta gani ba. Ni ma ba zan ce gabana bai faɗi ba. Malam mutum ne da in ya ce a'a a gaban mutane, ko ya gane daga baya ba ya janyewa.

A Gummi na sauka na shiga wurin masassaƙa na zaɓi sabon turmi da taɓarya. Muna da turmi a gida, kuma Sani ya sha rantsuwa cewa bai taɓa sa dutse a ciki ba. Amma ni ban yarda da rantsuwar mai neman zinari ba, kuma ba zan daka wa Hafsi nama a abin da nake shakka ba. Direban motar Anka ya ɗaure shi a sama yana mita. Wani tsoho a bayana ya ce, "Hajiya, kowa na dawowa Nijar da atamfa da turare, ke da turmi? Amarya za ki kai?" Na ce, "Ango zan gyara."

Na isa gida bayan la'asar. Rabi ta karɓi kaya, mata suka cika tsakar gida. Hafsi ta zo ta riƙe zanena, na ɗaga ta, ba nauyi, kamar na ɗauki faifai. Malam ya shigo yana gyaran murya, ya ja kunnenta.

"Amaryata, tsohuwar ga ta dawo ta raba mu. To, 'yar Yamai, mi anka koyo?"

"Za ka gani, Malam."

Sai ya miƙo mini ƙullin nama, mai yawa, har da hanta, abin da bai saba ba in ba ranar kasuwa ba. Ya ce gobe Liman da maƙwabta za su zo yi mini barka da zuwa, a nan za su ci na rana tare da Baba Mamman, in yi miyar da za a san na je wani wuri. Na so a ce ranar farko mu kaɗai ne, in ya yi faɗa ya yi a cikin gida. Na dubi naman, na dubi wuyan Hafsi. Na ba Rabi na ce ta tafasa shi kar ya lalace.

Washegari da na idar da sallar asuba na hura wuta na mayar da tukunyar, na jiƙa wake da ɗan gero. Na wanke sabon turmin na kafa shi a tsakar gida. Hantsi na ɗagawa ƙashi ya fara zamewa da kansa. Na zare ƙasusuwan, na ɗauko tukunyar na juye a turmi. Rabi ta riƙe mini hannu.

"Inna, a rage na zaure."

"Ɗauko ma Hafsi kwanonta ki zaunar da ita nan inda zan gan ta."

Na ɗaga taɓarya na sauke. Ban yi nisa ba na ji muryar Malam daga zaure.

"Tumba! Mi aka daka tun da sahe haka?"

"Nama na, Malam."

Sannan na ji takunsa ya matso bakin ƙofa.

"Duka?"

"Duka. Har hantar."

Hafsi ta miƙo kwanonta da hannu biyu. Na ce mata ta ɗan jira, na sake ɗaga taɓaryar.